Wuni guda a Guildford, garin masu ƙera tauraron ɗan'adam

Daga tashar Waterloo ta Landan na hau jirgin ƙasa, ban gama ɗumama kujera ba sai ga mu a Guildford. Ana ta yayyafi. Na haura tudu da ƙafa zuwa Jami'ar Surrey, babban cocin garin na tsaye can sama da ita kamar mai gadi.

Wani ɗalibi da muka yi alkawari ne ya tarbe ni, ya kai ni bakin ɗakin da suke haɗa taurarin ɗan'adam. Ta gilashi kawai na leƙa. Na ciki duk sun sha fararen riguna da huluna da safar hannu, don ƙwayar ƙura ɗaya na iya ɓata aikin watanni. A kan tebur ga wani ɗan akwati, santimita 10 kowane gefe.

"Shi ke nan tauraron?" na tambaya.

"Shi ne, Malam. CubeSat ke nan."

Na yi dariya. Ni da na zo da tunanin ganin abu kamar babbar mota! Wannan ma'auni malamai 2 ne suka fitar da shi a 1999, daga jami'o'in Stanford da Cal Poly na Amurka, don ɗalibi ya ga abin da ya ƙera ya tashi kafin ya kammala karatu.

Amma Surrey ta riga su farawa. A 1981 Martin Sweeting, wani mai bincike a jami'ar, da abokan aikinsa suka haɗa tauraronsu na farko, UoSAT-1, da kayan lantarki irin na kasuwa, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba musu shi a matsayin ɗan rakiyar wani tauraro. A 1985 aikin ya zama kamfani, SSTL, wanda yau yake hannun Airbus, kamfanin ƙera jiragen sama na Turai.

Dabararsu ta ciniki ce ta fi burge ni. Ba tauraron kaɗai suke sayarwa ba, har da koyon sana'ar. Su suka ƙera NigeriaSat-1 da aka harba a 2003, kuma a nan injiniyoyin Najeriya suka haɗa NigeriaSat-X da hannunsu, ya tashi a 2011. Wanda ya koya a wurinka, gobe ma kai zai nema.

Na so in ƙara tambaya, ɗalibin ya duba agogo. Tauraron da suke bibiya zai ratso saman garin, kuma 'yan mintoci kaɗan ake samu a ji daga gare shi. Ya ruga da gudu, ya bar lemarsa a hannuna.