Hannun ƙarfe da lissafin motsinsa: sana'armu a Kano

Mu huɗu ne a kamfanin: ni, da mai walda, da samari biyu da suka karanta injiniyan lantarki. Masu nemanmu yawanci ƙananan masana'antu ne na Sharaɗa da Bompai da Challawa, masu roba da masu sabulu, da ke son hannun mutum-mutumi ya riƙa ɗaukar kaya daga kan bel yana jerawa a kwali. Wani lokaci mu ne ke ƙera hannun, da ƙarfen Ƙofar Ruwa da injinan juya gaɓa da muke odarsu daga Sin. Wani lokacin kuma na gwanjo ne aka sayo, jikinsa garau amma kwamfutarsa ta mutu, a ce mu yi masa sabuwa.

Ko wanne ne, lissafi biyu ke riƙe da aikin. Na farko mai sauƙi ne: an san kusurwar kowace gaɓa, ana neman inda bakin hannun yake. Wannan amsarsa ɗaya ce. Tun 1955 wasu masana biyu, Denavit da Hartenberg, suka nuna cewa lambobi huɗu sun isa su bayyana yadda kowace gaɓa take zaune a kan wadda ta gabace ta, kuma har yau da tsarinsu muke aiki. Na biyun ne mai cin rai: ga wurin da kwali yake, nawa kowace gaɓa za ta juya kafin a kai can? Hannu mai gaɓa shida irin na masana'anta yana iya isa wuri guda ta hanya takwas, gwiwarsa a sama ko a ƙasa, kafaɗa ta gaba ko ta baya, wuyan hannu a miƙe ko a birkice. Wanda ƙirarsa ba ta bi tsarin da aka saba ba, amsoshinsa na iya kai 16. Wani wurin kuma ko ɗaya babu, don hannun bai kai ba.

Ba mu ke rubuta wannan lissafi daga tushe ba. Akwai laburaren manhaja, wato tarin lissafin da aka riga aka rubuta don masu haɗa manhaja su ɗauka, mai suna KDL, da ya fito daga aikin Orocos wanda aka faro a jami'ar Leuven ta Beljiyam. Da harshen kwamfuta na C++ aka rubuta shi, kyauta ne, kuma ban da wani laburaren lissafi da ake kira Eigen ba ya jingina da wani abin kirki. Mafi yawan ɗalibai a cikin ROS suke fara cin karo da shi, wato babban tsarin da masu binciken mutum-mutumi ke amfani da shi tun wajen 2007, shi ya sa suke zaton tare aka halicce su. Ba haka ba ne. Mu KDL kaɗai muke zarowa, mu harhaɗa shi da manhajarmu, ta zama fayil guda da ke tsaye da ƙafarta a kan ƙaramar kwamfutar da ake kira Raspberry Pi.

Dalilin wuta ne. A masana'anta ana iya ɗauke ta tsakiyar aiki, a ta da janareta, kuma wanda ke gaban injin ba injiniya ba ne. Abin da yake so, ya danna makunni, cikin 'yan daƙiƙu hannu ya koma mazauninsa ya ci gaba. ROS na da kyau idan akwai kyamara da taswira da na'urori da yawa masu magana da juna, amma a ɗora shi don hannu ɗaya mai jera kwali, kamar a yi hayar tirela ne don ɗauko buhun gero ɗaya daga Dawanau. Hatta katin ajiyar kwamfutar kulle shi muke yi, a karanta kawai ban da rubutu, don yankewar wuta tana cikin rubutu ita ke lalata shi.

Sai dai wanda ya bar ROS ya bar masa wasu hidimomi. Babu mai karanta maka fayil ɗin bayanin hannun, da kanka za ka jera gaɓoɓin a cikin manhaja ɗaya bayan ɗaya, tsawo da mita, kusurwa da ma'aunin radiyan ba digiri ba. Kuma dole ka san halin laburaren. KDL lalube yake yi: ka ba shi wurin farawa, ya yi ta matsawa kaɗan-kaɗan har ya kusanci inda ake so. Amsa ɗaya zai miƙo maka, galibi wadda ke kusa da inda ka fara shi, saboda haka kullum matsayin da hannun yake a lokacin muke ba shi, kada gwiwa ta juye ta doki bel. Cikin masu warware wannan lissafi da ke cikin KDL, wanda muka fi so, mai bin hanyar wasu masana biyu, Levenberg da Marquardt, bai damu da iyakar juyawar gaɓa ba. Zai iya cewa a juya digiri 200 a inda ƙarfe ke tsayawa a 170. Mu ke tantance kowace amsa kafin ta isa inji. Amfaninsa shi ne yana yarda a rage wa wasu kusurwoyi nauyi, abin da hannu mai gaɓa huɗu ke bukata, tunda ba kowace fuska yake iya kallo ba.

Akwai kuma wuraren da lissafin ke rikicewa, kamar idan hannu ya miƙe sarai ko gaɓoɓi biyu na wuyan hannu suka hau layi ɗaya. A nan ɗan motsi kaɗan a baki sai ya nemi wata gaɓa ta yi gudun da ba ta iyawa. Ba ma gardama da irin wurin nan, teburin muke matsarwa.

Abin da ya fi cin lokacinmu awo ne. Laburare hannun da ka bayyana masa yake yi wa lissafi, ba wanda ke ɗaure a ƙasa ba. Kuskuren digiri ɗaya a gindin hannu mai tsawon mita ɗaya ya haura milimita 17 a bakinsa, kuma walda tana jan ƙarfe. Don haka bayan an ɗaure hannu, sai mu kai bakinsa wurare da dama da muka auna a kan tebur, mu rubuta abin da kowace gaɓa ta nuna, mu gyara lambobin Denavit da Hartenberg har zane ya yi daidai da ƙarfe. Ƙurar hunturu da sassautawar noti kan sa a sake.

Nan ne ciniki ke tsayawa. Wani mai masana'anta ya duba takardar kuɗi ya ce, "Injiniya, kai ka ce manhajar kyauta ce, to kuɗin me ke nan?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki, lissafin ne kyauta. Wannan na awo ne, da na dawowa bayan wata uku a sake aunawa." Ya nemi ragi, muka daidaita a kan ya riƙa turo mota tana ɗaukarmu.