Abin da Ikorodu ta koya mini game da aiki daga gida

Kuɗin haya ne ya kai ni Ikorodu, a jihar Legas. Kamfanin da nake yi wa lissafin kaya da kuɗi yana Ingila, kuma bai damu da inda nake kwana ba muddin aikin ya isa a kan lokaci. Da hayar Yaba da Surulere ta fi ƙarfina, sai na kama ɗaki da falo a gefen Odogunyan, kan hanyar Shagamu, inda masana'antu suka jeru har zuwa Ogijo a jihar Ogun. Da yawansu na narka ƙarfe ne. In buƙata ta taso ta shiga cikin gari, akwai motar bas ta BRT zuwa Mile 12, akwai kuma jirgin ruwa daga Ebute, amma ba kullum nake buƙata ba.

Wuta ce darasin farko. Tashar Egbin da ke Ijede, mai ƙarfin megawat 1,320, tana nan kusa da mu, sai dai wutarta babban layin ƙasa take shiga, daga can ake rabawa. Kusanci da tashar ba ya ƙara wa gidanka ko awa ɗaya. Abin da ke da muhimmanci shi ne layin da gidan yake kai. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta ɗaga farashin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, da sharaɗin su riƙa samun aƙalla awa 20 a rana. Wanda zai yi aiki daga gida, kafin ya tambayi kuɗin haya, ya tambayi maƙwabta rukunin layinsu da yadda wutar take zuwa a zahiri. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kunna janareta daga safe zuwa yamma ya daina zama lissafi mai kyau. Sola da batir na sa, daidai abin da zai riƙe kwamfuta, fanka da na'urar intanet, sannan ina ajiye layukan waya na kamfanoni biyu.

Iyakar aiki kuwa daga ma'aikatan masana'anta na koya. Maƙwabcina mai dutin dare yana dawowa da safe, ya yi wanka, ya kwanta, babu wanda zai biyo shi gida da aiki. Ni ofishina yana taku kaɗan daga gadona, saƙo kuma ba ya ƙarewa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da na Ingila, sauran watannin muna gabansu da awa ɗaya, sai tashinsu ya matso kusa da magaribarmu. Na rubuta wa shugabata lokutan da ba za a same ni ba, har da na sallar Juma'a, ta kuma amince. Wanda ba ya ganinka ba zai san uzurinka ba sai ka faɗa, kuma a rubuce.

Sai dai babban abin da ya sauya ni mutane ne. A Legas, saurayin da ke wuni a ɗaki da kwamfuta, kuma kuɗi na shigo masa daga waje, da wuya ya tsira daga zargin damfarar intanet. Mai gidan da na kama bai karɓi kuɗina ba sai da na kawo wanda zai tsaya mini. Takardar kamfani ba ta gamsar da shi ba. Wani dattijo ɗan Katsina da muke salla tare a Sabo, dillalin tsofaffin ƙarafa, shi ya raka ni, bayan ya gama tambayata garinmu da unguwarmu da sana'ar mahaifina. A hanyar dawowa ya ce, "Ɗana, ka riƙa fitowa ana ganinka. Wanda ba a sani ba, ba a yi masa shaida." Na ce, "To, Baba, in sha Allahu."

Fitowar ce ta kai ni rumfarsa, har na fara taimaka masa da rubuta shige da fice duk ranar Asabar. A nan na ga tushen abin da masana'antun nan suke ci. Yaranmu 'yan jari bola, daga Katsina, Jigawa, Zamfara har da Nijar, su ke tura baro lungu-lungu suna tattaro ƙarfe. Dillali ya auna a sikeli ya biya, a loda wa babbar mota, a kai kamfani a narka, ya fito a matsayin rodin da ake gina benayen Lekki da shi. Cinikin da yawansa bashi ne, kuma ba takarda, magana ce kawai. Dillali yakan ba yaro jari da safe ba tare da sanin ta inda zai bi ba, da yamma yaron ya dawo. Ni ma haka nake da mutanen da ban taɓa gaisawa da su hannu da hannu ba, suka damƙa mini littafin kuɗinsu. Tun daga lokacin nake sanar da su kowane giɓi da na gani a lissafi a ranar da na gan shi, komai ƙanƙantarsa.

Akwai abin da ke ci mini rai a rumfar nan. Tsofaffin batiran mota na cikin kayan da suka fi tsada saboda dalmar da ke cikinsu, kuma yara kan fasa su da hannu ba kariya, su zubar da ruwan a ƙasa, su wanke hannu sama-sama su ci abinci. Mu 'yan arewa mun san abin da dalma take yi. A 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara masu haƙar zinare, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Mai karɓar albashi daga waje yana iya rufe taga ya kunna fanka, ya ɗauka shi baƙo ne a garin. Amma hayaƙin da ke sauka unguwa cikin dare ni ma shi nake shaƙa, shi ya sa duk wanda ya ce mini zai dawo nan, nakan ce ya zo ya duba gidan da dare kafin ya biya.

Na yi wa Baba maganar batiran da ladabi, muka daɗe muna ja, don ribar da ke ciki ba kaɗan ba ce. Bai daina saye ba, amma ya hana fasawa a rumfarsa, yanzu a rufe ake kai su. A littafin kuma mun buɗe sabon shafi na kuɗin safar hannu, takunkumi da sabulu, ana cirewa daga riba kowane mako, kuma dillalin da ke maƙwabtaka da shi ya nemi in zana masa irin shafin.