Kujerar Rosa Parks

Jiya a tashar Muda Lawal da ke Bauchi wani saurayi ya bar wa wata dattijuwa kujerar gaba, ya ce "Mama zauna nan", sai kawai Rosa Parks ta faɗo min a rai. Tela ce fa, baƙar fata, a Montgomery ta jihar Alabama a Amurka, ran 1 ga Disamba 1955 direban bas ya ce ta tashi ta ba farar fata wuri ta ƙi, aka kama ta. Baƙaƙen garin suka ƙaurace wa bas kwana 381, wasu a ƙafa suke zuwa aiki, wallahi wannan juriyar tana taɓa ni sosai. Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariyar bas a 1956, dokar 'yancin jama'a kuwa sai 1964 Shugaba Johnson ya sa mata hannu.