Abin da ke korar ma'aikata daga hannun maigida a Damagaram

Mai gidan burodi, mai gareji, mai makarantar kuɗi, kukansu ɗaya a garin nan: ka koya wa yaro aiki shekara biyu, ranar da hannunsa ya faɗa sai ya ce maka zai tafi Kano ko Agadas. Sai a ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Ni dai na ce a buɗe littafin albashi tukuna.

Ƙarancin kuɗi na cin rai, amma rashin sanin ranar biya ya fi shi. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijar ya koma jika 42 tun Janairun 2024. Mai karɓar wannan cif a ƙarshen wata zai iya lissafin hatsi, haya da ruwan garuwa, wanda kowa ya san yadda yake tsada a Damagaram in zafi ya kankama. Wanda aka yi wa alkawarin jika 60, ana tsakura masa 10 yau, 15 bayan mako biyu, kullum yana cikin littafin mai shago. Kuɗin da ya ranta a tsakiyar wata kuma, in ba a rubuta shi da kwanan wata da sa hannun mutum biyu ba, ranar biya gardama ce, kuma maigida ke cin gardamar.

Sai tsawa a gaban mutane. Magidanci mai iyali, ka zage shi gaban masu saye ko gaban yaran da yake koya wa aiki, ba zai mayar maka ba. "To, Alhaji" zai ce. Daga ranar ya daina gaya maka injin ya fara wani ƙara, ko kaya na raguwa a sito. Haka abin yake in aka ɗora ɗan ƙanen maigida kan tsofaffin ma'aikata: ba mai kai ƙararsa, don an san inda ƙarar za ta mutu.

Dokar aiki ta 2012 ta yanka awa 40 a mako, abin da ya haura a biya shi daban, da hutun kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki. Wurin da ma'aikata suka haura goma, doka ta ce su zaɓi wakilansu. Masu gida da yawa na ganin wakili tsokana ce, alhali shi ke kawo ƙorafi tun bai kai gaban jami'an ƙwadago ba.

Mafi muni shi ne a cire wa mutum kason CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da diyyar rauni a bakin aiki, a albashinsa, kuɗin kuma ba su isa can ba. Ba ya ganewa sai ya ji rauni a bakin aiki ko ya je neman fansho. Ma'aikaci ya nemi lambar rajistarsa tun watan farko, ya je ofishin da kansa ya duba ko ana zubawa, ya kuma adana kowace takardar albashi.