Awannin farko a Yakuza 0: kar ka yi gaggawa

Duk wanda ya kunna wasan bidiyo na Yakuza 0 na kamfanin Sega yana zaton zai fara dambe nan take, sai ya yi haƙuri. Babin farko magana ce da yawa, da Japananci, ana karanta fassarar Turanci a ƙasa. Labarin yana faruwa ne a watan Disamba 1988, da jarumai biyu, Kiryu a unguwar Kamurocho ta Tokyo, Majima a unguwar Sotenbori ta Osaka, kuma duk rigimar a kan wani ɗan fili ce da babu kowa a cikinsa. Bayan kowane babi biyu ana sauya jarumi.

Inda sababbi ke shan kashi shi ne kuɗi. A wasan nan da kuɗi ake sayen ƙarfi da dabarun faɗa, don haka kada ka riƙa yawo da miliyoyi a aljihu. Akwai wani ƙato, Mr. Shakedown, yana zagaya titi. In ya kayar da kai, ya kwashe komai. Ka zuba kuɗin a kan jarumi tukuna.

Na biyu, a tsohon bugu wasan ba ya adana inda ka kai da kansa, sai ka je rumfar tarho a cikin wasan. Mantuwa ɗaya, aikin awa biyu ya tafi.

Kafin ka haɗu da Kuze, babban abokin gabar da za ka kara da shi a ƙarshen babi na ɗaya, cika jaka da maganin ƙarin lafiya, ka koyi kauce wa naushinsa da Rush, salon faɗa mai sauri. Wallahi wannan faɗan ya cancanci jiran.

Amma fa ba na yara ba ne, akwai jini da mashaya.