Manomi ba ya karɓar alat

Sana'ata hatsi. Ina shiga kasuwannin ƙauye wajen Dukku da Kumo in sayi masara da wake, in kawo shagona a Tudun Hatsi, nan cikin Gombe. Masu sari da ke zuwa daga Kudu duk taransifa suke yi mini, kuma ban ƙi ba, don na huta da kwana da jakar kuɗi a ƙarƙashin kai.

Matsalar tana wajen saye. Manomi kuɗi yake so a hannu, ya tofa yawu a yatsa ya ƙirga. 'Yan dako ma haka, mai baro ma haka.

Ban san nauyin wannan ba sai farkon 2023, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka ce tsofaffi sun daina aiki 31 ga Janairu, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa ko a banki sai an yi dambe. A lokacin ne wani dattijo ya kawo buhu uku na wake, mai kyau, ba ƙwaro ko ɗaya. Muka daidaita. Na ce, "Baba, in tura maka ta waya?" Ya ciro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba ya ce, "Ɗana, wannan ko kira sai na hau tudu. Maganin jikata zan saya yau." A gabana ya sayar wa wani mai tsabar kuɗi a ƙasa da farashin da na ba shi. Ni ciniki kawai na rasa, shi kuwa guminsa na damina aka karya.

Sai 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Amma fa har yau kuɗin hannu saye ake yi. Na'urar banki sau da yawa babu komai a cikinta, sai ka koma wurin mai POS, ya cire nasa, kai kuma ka ɗora a kan buhu. In ana so mu bar takarda, a fara kai sabis ƙauye, kafin nan kuma a riƙa zuba kuɗi a na'urorin.

Gobe kasuwa. Yanzu haka maƙwabcina mai shagon kayan masarufi nake jira ya rufe, ya ba ni cinikinsa na yau, ni kuma in tura masa ta waya.