Inda muka kwana a tsara sarautar Birnin Kada

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon wasan ƙaga labari tare. Asabar ɗin da ta wuce muka yi zama na bakwai a kan ƙasarmu ta almara, Birnin Kada. Mu shida ne, muna haɗuwa a zauren gidanmu a nan Garwa bayan sallar isha'i, sauran ranaku kuma mu ƙarasa a WhatsApp. Ni nake jan labari, kowanne cikin biyar ɗin yana da mutumin da yake takawa, in gardama ta taso ƙwayar lido ce ke raba mu.

A zama uku na farko na yi abin da nake jin yawancinku ma za ku fara da shi. Na buɗe littafin rubutu na jera mutane hawa-hawa: sarki a can sama, 'ya'yan sarki, masu sarauta, malamai, attajirai, talakawa, bayi a ƙasa. A takarda ya yi kyau. Da aka zo wasa kuwa, mutum huɗu suka ɗauki 'ya'yan sarki da jarumai, ƙanena kaɗai ya ɗauki maƙeri. Dare biyu ya zauna bai ce uffan ba, yana ta jujjuya ƙwayar a tafin hannu har shayinsa ya huce. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin laifin tsarina ne. Duk abin da ke gudana a fada yake gudana, ni kuwa ban bar wa maƙeri ƙofar shiga ba.

Abin da ya warware mini shi ne waiwayar abin da ke gabanmu. Tun da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a farkon ƙarni na 19, har ya zauna a Yola a 1841, lamidai suka kafu a wannan yanki, Garwa da Marwa da Ngaundere da Rai Buba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan Sallah ya san lamido ba shi kaɗai yake mulki ba. Akwai Galadima da Kaigama, sunayen da aka aro daga Barno, ga Sarkin Yaƙi da Sarkin Shanu da bakin Hausa tsantsa, ga Alƙali ga Liman. Ƙasa da su akwai lawanai da jauro-jauro a ƙauyuka, mu kuma Hausawa muna da Sarkin Hausawa mai kai kukanmu. Har dokar Kamaru ta 1977 da ta kasa sarautun gargajiya daraja uku, a kan wannan tushe ta zauna.

To a nan ne jerin nawa ya rushe. A fadodin da, sau da yawa bawan sarki ya fi ɗan sarki ƙarfin faɗa a ji, saboda ɗan sarki yana hangen gadon, shi kuwa bawan ba ya gado, don haka shi ake damƙa wa makamai da ƙofar gida. A Barno, Magira uwar Mai, wato sarkinsu, tana da nata iko da ba a ƙetarewa. Maroƙi ana yi masa kallon na baya, amma bakinsa na iya kunyata basarake a bainar jama'a. Ina za ka ajiye waɗannan a tsani mai hawa bakwai?

Sai na yaga shafin. Yanzu kowane mai wasa sai ya faɗa mini abin da mutuminsa yake kai wa fada, abin da fada take ba shi, da abin da zai tsaya cak ranar da ya ƙi. Wannan na ƙarshen shi ne ruhin wasan. Maƙerin ƙanena ya zama Sarkin Maƙera, sana'ar gado, kuma babu kibiyar da ke cin aljanun kogi sai wadda ta fito daga maƙerarsu. Wata ƙanwarmu ta saki jarumarta ta ɗauki Magajiya mai riƙe da rumbunan hatsi. Muka naɗa Sarkin Ruwa, shi kaɗai ya san kirarin da ake yi wa tsohon kada kafin kwale-kwale ya tsallaka. Siffar birnin kuwa daga garuruwan Kotoko masu ganuwa muka ɗauko, irin su Gulfe da Logon-Birni.

Ranar Asabar na gwada. Na ce damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya batse kamar yadda Binuwai ke yi a watan Agusta, sarki kuma ya ninka jangali da kuɗin karofi don ya shirya yaƙi. Ƙanena ya ajiye kofin shayi, ya gyara zama, ya ce, "Ranka ya daɗe, wutar maƙera ta mutu sai ranar da aka sauke wa marina harajinsu." Zauren ya yi tsit. Mai taka Kaigama ya nemi a tura dogarai, Magajiya ta ce in an taɓa maƙeri ba za ta buɗe rumbu ba. Awa biyu muka yi ba a zare takobi ko ɗaya ba, ba kuma wanda ya duba waya.

Maganar bayi ta ja mu gardama mai zafi, kuma na ji daɗi da aka yi ta. Wasu sun ce a cire ta gaba ɗaya. Ni ban yarda a share ba, domin ciwo ne da ya ratsa tarihin gidaje da yawa a ƙasar nan. Muka tsaya a kan cewa ba za a yi raha da ita ba, kuma duk bawan da ke cikin labarin yana da suna da iyali da hanyar murgu da fansa.

Abin da ya rage shi ne gado. Mun amince mutum huɗu ne masu zaɓen sarki, amma ba mu daidaita a kan ko Sarkin Ruwa yana cikinsu ba. Ina so mu yanke kafin Asabar mai zuwa, don na riga na rubuta a littafina cewa sarkin Birnin Kada ba zai ga ƙarshen wannan damina ba, kuma su biyar ɗin ba wanda ya sani.